Maƙwaƙƙwafi uku a kan gawo ɗaya: namijin mata biyu gare shi?

Manomi daga Garwa:
Assalamu alaikum. A gonata da ke kusa da kogin Binuwai akwai gawo mai busasshen reshe, kuma tun shigowar rani nake ganin maƙwaƙƙwafi uku suna sauka a kansa. Ɗaya yana da jan kai, sauran biyun kansu ruwan toka ne, amma dukkansu suna da ja a gindin wutsiya. Shin namijin mata biyu ya ajiye, ko yaya zaman nasu yake?

Malamin makaranta, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Siffar da ka bayar ta yi daidai da jinsin da masana ke kira Dendropicos goertae, kuma mai jan kan shi ne namijin. Wannan tsuntsu mace ɗaya yake zama da ita, domin aikin sheƙarsa na mutum biyu ne: tare suke sassaƙa rami a busasshen itace, macen ta saka fararen ƙwai 2 zuwa 4 a kan ɓarɓashin itacen ba tare da wata shimfiɗa ba, sannan su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci da rana, dare kuwa yawanci na namiji ne. A ganina ta ukun baƙuwa ce mai neman miji ko wurin zama. Ka lura da wadda ake kora idan ta matso bakin ramin.

Tsohon makiyayi, Gider:
Ɗana, ka saurara da kunne ma. Ƙwanƙwasar neman tsutsa a rarrabe take, yana yi yana tsayawa. Wadda ke zuwa a jere da sauri kuwa shela ce, yana sanar da cewa wurin yana da mai shi, yana kuma kiran abokiyar zama.

Ɗaliba daga Ngaundere:
Zaton Malam manomi bai yi nisa ba, domin a Amurka ana samun irin wannan zama. A Kalifoniya akwai jinsin maƙwaƙƙwafi da ke rayuwa ƙungiya-ƙungiya, inda maza da yawa ke tarayya a kan mace ɗaya ko fiye, matan su saka ƙwai a rami ɗaya, manyan 'ya'ya kuma su taya ciyar da ƙannensu. Roƙona, Malam, kada a sare reshen nan don itacen girki kafin 'ya'yan su tashi.