An ce a yi wa yayata gwajin BRCA, ni ma ina cikin haɗari ke nan?

'Yar Auta:

Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san abin nan ya fitar da ni daga duhu. Yayata shekararta 38, an tabbatar tana da sankarar mama. An ɗebi tsokar ƙarin an kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna akwai HER2, likita ya ce saboda haka za a haɗa mata wata allura da kemo. A zama na gaba sai ya tsare ta da tambayoyin dangi: wa ya taɓa yi, yana da shekara nawa, ta wajen uwa ne ko ta wajen uba. Da ta ambaci Goggo, ƙanwar Baba, wadda kansar ƙwan mace ta yi ajalinta tana 'yar arba'in da wani abu, sai ya ajiye biro ya ce a ɗebi jininta a yi gwajin BRCA.

Tun ranar barci ya ƙaurace mini. HER2 ɗin nan gado ne? In gado ne ai an riga an gani, me ya kawo gwajin jini kuma? Ina ruwan dangin Baba da ciwon nono? Ni shekarata 31, ina da 'ya mace 'yar shekara 6. In je a gwada ni ne, ko yarinyar zan fara kaiwa?

Ma'aikacin Lab:

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba Yaya lafiya. Gwaji biyu ne kika haɗa, kuma kowanne tambayarsa daban.

Kowace kansa daga lalacewar ƙwayoyin gado take farawa, amma ba kowace ce ake gada ba. Duk sanda ƙwayar jiki za ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, wato rubutun gadon da ke cikinta, kaf, kamar mai kwafar littafi da hannu, kuma a kan samu kuskure. Shekaru, hayaƙin taba, wasu ƙwayoyin cuta, duk suna ƙara kurakuran. In suka taru a ƙwaya ɗaya har ta daina jin birki, ƙari ya fara. Irin wannan lalacewa a cikin ƙarin kaɗai take, babu ita a ƙwai ko maniyyi, don haka ba ta bin 'ya'ya. HER2 na Yaya a nan yake. Ƙarin ne ya yi kwafin wannan ƙwayar gado da yawa, yana ta ingiza kansa ya girma. Kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na sankarar mama haka take. A da mummunan labari ne ƙwarai, amma tun 1998 da aka amince da trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin, lamarin ya sauya sosai, domin maganin kai tsaye HER2 ɗin yake nema. Ke babu ruwanki da wannan sakamakon.

Gwajin jini kuwa abin da aka haifi mutum da shi yake dubawa. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kansa ne kawai ke da nasaba da irin wannan gado. BRCA1 da BRCA2 ƙwayoyin gado ne, kowa yana da su, mace da namiji, aikinsu gyaran DNA in ta karye. Kowa yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda aka haifa da ɗaya lalatacce, ɗayan ne ke riƙe da shi, ranar da shi ma ya lalace a wata ƙwaya ta nono ko ta ƙwai, mai gyara ya ƙare a wurin. Shi ya sa nasu ciwon ke zuwa da wuri. Kuma shi ya sa likita ya ajiye biro: shekara 38, ga Goggo da kansar ƙwai. Baba zai iya ɗauke da shi ƙalau har tsufa, ya kuma ba ɗiyarsa. Kowane ɗa yana da damar rabi da rabi.

Girman haɗarin: a mata gaba ɗaya, a ƙasashe irin su Amurka, kusan ɗaya cikin takwas ce ke samun sankarar mama a rayuwarta. Mai lalataccen BRCA1 kuwa ya wuce rabi, yakan kai wajen kashi 70. Kansar ƙwai tana tashi daga kashi 1 da ɗan wani abu zuwa kusan 40. Na BRCA2 ya ɗan fi sauƙi a ɓangaren ƙwai.

Shawarata, ki jira na Yaya tukuna. Da mai ciwon ake farawa. In an samu a jininta, ke takamaiman wurin kawai za a duba miki, amsa ta fito tas. Yarinya kuma ki bar ta, ba a gwada yara a kan BRCA, domin babu abin da ake yi musu kafin su girma.

Baban Walid:

Ni ku gafarce ni, amma mene ne amfanin mutum ya je ya tono abin da zai hana shi sukuni? Ba a canza ƙwayar gado. In ciwon zai zo zai zo. Wata 'yar fim a Amurka, Angelina Jolie, da aka ce mata tana da shi, sai ta sa aka cire nonuwanta biyu a 2013, alhali lafiyarta lau. Wannan ake so 'yar'uwar nan ta yi tana 31?

Uwar Biyu:

Baban Walid, ni ina da shi, BRCA1, kuma nonuwana suna nan. Mahaifiyata ce ta yi ciwon, aka samu a jininta, sai aka gwada mu. Ni na ɗauka, ƙanwata ba ta ɗauka ba. Uwa ɗaya uba ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, makon da sakamako ya fito ko madubi ba na son kallo. Amma kafin a ɗebi jinin sai da wata mai ba da shawara kan cututtukan gado ta zauna da ni, ta zana bishiyar danginmu a takarda, da'ira mata, murabba'i maza, tana cike na waɗanda suka yi ciwon da baƙi. Ta tambaye ni me zan yi in ya fito akwai, wa zan faɗa wa, ko mijina ya san na zo. 'Yar Auta, kada ki yarda a gwada ki ba tare da irin wannan zaman ba.

Cire nono zaɓi ne ɗaya cikin zaɓuɓɓuka. Ni hoto na zaɓa, MRI da mamogiram duk shekara. Ga masu irin namu ana fara MRI tun wajen shekara 25, ba a jiran shekarun da sauran mata ke farawa. Inda na fi jin tsoro shi ne ƙwai, domin shi babu wani hoto ko gwajin jini da ke kama ciwonsa da wuri yadda ake so. Shi ya sa ake ba masu BRCA1 shawarar cire ƙwai da bututunsa tsakanin 35 da 40, in sun gama haihuwa. Muna kan wannan maganar da mijina, ba ta da daɗi, amma gara da na sani ina da ƙafafuna.

Ki kuma faɗa wa yayyenki maza. Su ma suna iya ɗauka, yana ƙara musu haɗarin kansar furostet, har da ta nono a maza, musamman BRCA2, kuma suna iya ba 'ya'yansu.

'Yar Auta:

Na gode, Allah ya saka da alheri. To in na Yaya ya fito babu fa, shi ke nan na tsira? Kuma ita sakamakon zai amfane ta da wani abu, ko don mu kawai ake yi?

Ma'aikacin Lab:

Zai amfane ta. Likitan tiyata zai duba shi wajen yanke shawara a kan ɗaya nonon da kuma ƙwai. Akwai kuma magunguna irin su olaparib, da aka fara amincewa da shi a 2014 don kansar ƙwai, masu toshe wata hanyar gyaran DNA mai suna PARP, ƙwayar kansar da BRCA ɗinta ya lalace sai ta rasa mai gyara ta mutu. A sankarar mama, marasa HER2 ake ba shi, don haka likitanta ne zai faɗi abin da ya dace da ita.

In ya fito babu, haɗarinki ya ragu da yawa a lissafi, amma yayarki ta yi ciwon tana 38, wannan kaɗai ya isa a fara duba ki kafin sa'o'inki. Akwai kuma amsa ta uku da ke rikita mutane: a ga wani sauyi da ba a tantance ko yana da illa ba, a rubuta VUS. Ba a yin tiyata a kansa, ba a kuma gwada dangi saboda shi, yawancinsu daga baya akan gano ba su da illa. Ki tambayi likitan ko BRCA kaɗai za a duba, ko har da wasu ƙwayoyin gado irin su PALB2 da TP53 da makamantansu. Kafin ranar, ki zauna da Baba ki rubuto ainihin shekarun Goggo da duk wanda ya yi kansa a ɗakinsu.