Wai cire hannun famfo ne ya tsayar da kwalarar Landan a 1854?

Ɗalibi: Jama'a, an ce mana Dakta John Snow ya sa an cire hannun famfon titin Broad a unguwar Soho, nan take kwalara ta tsaya. Gaskiya ne?

Tsohon dubagari: Gaskiya ne mana, ɗana. Mutum 616 ta kashe. Snow ya bi gidajen mamata, ya tarar yawancinsu rijiya ɗaya suke sha, wadda famfon ke jan ruwa daga cikinta.

Malamar tarihi: Baba, a gafarce ni, a duba kwanan wata. Ta ɓarke ran 31 ga Agusta, kuma a kwanakin farko aka fi mutuwa. Hannun famfo sai 8 ga Satumba aka cire shi, lokacin jama'a da yawa sun tsere, cutar ta fara lafawa. Snow da kansa bai musa wannan ba.

Tsohon dubagari: To gidan gajiyayyu na titin Poland fa? Mutum 535, biyar kacal suka mutu, don rijiyarsu daban. Ga wata tsohuwa can unguwar Hampstead, nesa da Soho, da ake kai wa ruwan famfon a kwalba saboda daɗinsa take ji, ita ma ta tafi.

Malamar tarihi: Wannan hujja ce cewa ruwan ne ya kawo cutar, ban ja ba. Abin da ya tsayar da ita nake tambaya.

Injiniya: Hukuma ma ba ta gamsu ba, su dai wari suka ɗora wa laifi. Daga baya har hannun aka mayar. Sai da ɗoyin kogin Thames ya addabi 'yan majalisa a 1858 suka saki kuɗi injiniya Joseph Bazalgette ya gina magudanan ƙazanta.

Ma'aikaciyar jinya: Kun manta da limamin coci Henry Whitehead. Ya fita ne don ya ƙaryata Snow, sai ya gano jaririyar gida mai lamba 40 a titin Broad, wadda ta kamu da cutar tun da farko. Uwarta na zuba ruwan wankin tsummokinta a shadda, shaddar kuwa dab da rijiyar, tana yoyo. Ranar da aka cire hannun, mahaifin yarinyar ya kwanta, ƙazantarsa ta bi hanya ɗaya. Da ana jan ruwan, da an sake sabon zubi.

Tsohon dubagari: Kin ji ko, Malama?

Malamar tarihi: Na ji, Baba. Hana ta dawowa, wannan zan iya yarda. "Nan take ta tsaya" ne dai ban saya ba.