Besbol a watan Oktoba: mai buɗe jifa ko 'yan canji?

Muhawara ta yi zafi tsakanin masu bin besbol na Amurka: a wasannin neman kofi na Oktoba, wa ya fi muhimmanci, mai buɗe jifa (mai jefa ƙwallon da ke fara wasa) ko 'yan canji (masu jifan da ke karɓarsa daga baya)? Ga abin da aka fi tsayawa a kai.

Masu goyon bayan 'yan canji sun kafa hujja da Kansas City Royals ta 2015, wadda 'yan canjinta Kelvin Herrera da Wade Davis ke rufe mata wasa. Suka ce a wasannin neman kofi akwai ranakun hutu, don haka koci na iya kiran gwanayensa kusan kullum. Kuma idan mai buɗe jifa ya fuskanci masu dukan ƙwallo karo na uku, sun riga sun karance shi.

Sai dai wannan hujja tana cizon mai ita. A jerin wasa bakwai, ɗan canjin ma ana ganinsa har a saba da jifansa, ga gajiyar hannu. Nan aka fi daɗewa, kuma ni ma nan na karkata. Washington Nationals ta ci kofin 2019 da 'yan canji masu rauni, ta jingina da masu buɗe jifanta Scherzer da Strasburg, sannan ta sako Patrick Corbin, mai buɗe jifa, ya riƙe zagaye 3 a wasa na bakwai. Bumgarner, shi ma mai buɗe jifa, ya yi wa San Francisco zagaye 5 haka a 2014.

Shawarar da aka ba koci: ya nemi masu buɗewa biyu ko uku nagari, da 'yan canji uku amintattu. Kada kuma ya cire wanda hannunsa ke ci saboda lissafi kawai, kamar yadda kocin Tampa Bay Rays Kevin Cash ya cire mai buɗe jifansa Blake Snell a 2020 bayan jifa 73, Dodgers ta juya wasan ta ɗauke kofin.