Ina ajin bak D amma hankalina yana kan aikin injiniya, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise (babbar sakandare) a nan Maradi, seri D, wato sashen kimiyyar halittu da lissafi, ina shirin bak, jarrabawar gama sakandare. Baba yana so in karanci likitanci. Ba ƙin darasin halittu nake yi ba, a nan ma na fi samun maki, sai dai hannuna ba ya zama wuri ɗaya. A garkarmu ta Jiratawa ni ke gyaran injin ban ruwa in ya ƙi tashi. Bara na huhhuda tiyo da allura mai zafi, na shimfiɗa shi a gindin zogale don ruwa ya riƙa ɗiga. Na farkon layi suka sha, na ƙarshe suka bushe, har yau ban gane dalili ba. Bayan littattafaina duk zanen injina ne. Mai bak D zai iya zama injiniya ko mai zanen ƙira? Ko karatun jijiyoyi da tsirrai da na sha wahala a kansa zai tashi a banza?

Malamin kimiyya mai ritaya, Zariya:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba abin da zai tashi a banza. Mu Hausawa jijiya muke ce wa ta jini, da ta saƙo, har da ta itace, amma ta saƙon lantarki ne ke gudu a cikinta. Tana hutawa da bambancin kusan milivolt 70 tsakanin cikinta da waje. Sodiyam ya shiga, potasiyam ya fita, saƙo ya ruga, a masu kauri har mita 120 a sakan guda. Ka tuna ranar da ka taɓa salansar injin nan da zafi. Ka fizge hannu kafin ka ji raɗaɗin, don laka ce ta ba da umarni, ba ta jira ƙwaƙwalwa ba. Na'urar da ke zana bugun zuciya a asibiti irin wannan ɗan lantarkin take karantawa, kuma wanda zai ƙera ta ko ya gyara ta sai ya san jiki ya san waya. Shi kuwa tsiro ba shi da jijiyar saƙo, amma yana ɗaga ruwa ba da inji ba: ganye na sakin ruwa ta ƙananan ƙofofi, wannan ke jawo wani daga saiwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ya sha iska ke tafiya da shi.

Injiniyar ban ruwa:
Ƙanena, tiyonka ba shi da laifi. Ruwa yana rasa ƙarfi garin gogar cikin tiyo, kuma hudojin farko sun kwashe rabon na baya. Ɗaga tankin sama, ka gajarta layukan, ka shigo da ruwan ta tsakiya. Wannan lissafin shi ne aikinmu kullum, kuma ni ma da bak D na shigo. Wanda bai san yawan ruwan da albasa ko zogale ke buƙata ba, ko ya iya zane asarar kuɗin manomi zai yi. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke ƙofar gidanku tana da sashen kimiyya da fasaha da na aikin gona da muhalli. Akwai makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai, akwai 2iE a Wagadugu mai koyar da injiniyancin ruwa, ita sai an shirya aljihu. Abu guda zan faɗa maka ba ɓoyewa: lissafi da fizik. 'Yan seri C, masu zurfafawa a lissafi da fizik, za su riga ka a shekarar farko, ni sai da na yi kuka a kan lissafi. Fara ƙara ƙoƙari tun yanzu.

Mai walda, bakin kasuwa:
Zane a takarda kaɗai ba ya ba da tuwo. In an yi hutu ka nemi wurin maƙera ka riƙe mita da ƙarfe, ka koyi manhajar zane ta AutoCAD ko a kwamfutar aro ce. Ina ganin masu digiri suna kawo zanen injin sussukar gero da ba ya haɗuwa.

Wata uwa:
Duk kun yi maganar karatu, ba wanda ya taɓo mahaifinsa. Ɗana, kada ka je ka tsaya gabansa kana jayayya. Yana ganin likita ba ya rasa aiki ne, kuma yana da gaskiyarsa, injiniyoyi nawa ke zaune suna jiran a ɗauke su? Ka samu kawunka ko wani babba da yake jin nauyinsa su yi maganar, kai kuma ka yi istihara.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, tankinmu a kan bulo biyu kawai yake, ashe daga nan matsalar take. Asabar zan ɗaga shi in raba layin biyu. Mama, zan je wajen Kawu bayan sallar Juma'a, amma ina so zogalen ƙarshen layi ya farfaɗo tukuna, in kai Baba ya gani da idonsa.