Neman shawara: Ƙwazona cikin bin Ubangiji ya zama wutar kara, yaya zan yi ya ɗore?

Mai tambaya

Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Almasihu. Shekara huɗu ke nan da aka yi mini baftisma. Da farko ba sai an tuna mini addu'a ba, amma yanzu abin ya koma wutar kara. In na dawo daga babban taron addu'a sai in yi wa Allah alkawarin awa biyu kullum da asuba, in yi kwana goma, in watsar. In na durƙusa kuma hankalina ya yi nasa wuri. Ina zuwa sujada, ina cikin mawaƙa, ba wanda zai ce akwai matsala, amma ni na san zuciyata ba ta nan duka. Don Allah kada a ce mini "ka dage" kawai. Me zan yi takamaimai?

Baba Dattijo

Ɗana, salama. Ciwo biyu ka haɗa a tambayarka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai bushewa, akwai rabuwar zuciya. Mai bushewa yana neman Allah, daɗin da ya saba ji ne ya ɗauke. Wanda ya rubuta Zabura 42 ke nan: yana tambayar ransa dalilin karayarsa, amma fuskarsa tana wajen Allah. Mai rababbiyar zuciya kuwa wani abu ne ya zauna a kujerar da ba tasa ba. Dubi sarki Amaziya a 2 Tarihi 25:2, an ce ya yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji, amma ba da zuciya ɗaya ba. Kafin surar ta ƙare yana ƙona turare ga gumakan Edomawan da ya ci da yaƙi.

Ga yadda za ka gane naka. Ka ɗauki takarda, kwana bakwai a jere ka riƙa rubuta amsar tambaya uku da dare: me hannuna ya fara taɓawa da na farka, ina tunanina yake gudu in ba na aikin komai, wane abu ne in aka ce in bar shi wata guda raina zai ɓaci. In amsa ɗaya ta yi ta dawowa, ka samo kishiyar. Yesu ya ambaci uku a Markus 4:19, cikin misalin irin da ya faɗi cikin ƙaya: damuwar duniya, ruɗin dukiya, da kwaɗayin waɗansu abubuwa. Ka lura, ƙaya ba ta tumɓuke shuka, shaƙe ta take yi. Ganye yana nan kore, 'ya'ya ne babu. Shi ya sa kana tsaye cikin mawaƙa ba wanda ya gane.

Sa'an nan ka karanta Littafin Firistoci 6:8-13. An umarta kada wutar bagade ta mutu, kuma aikin firist biyu ne: ya kwashe toka, ya ƙara itace kowace safiya. Wutar kanta daga wurin Ubangiji ta fito, sura 9 aya 24. Kai kana ƙoƙarin hura wuta da ƙarfin alkawari, alhali naka shi ne itace da toka. Sauran 'yan'uwa za su faɗa maka yawan itacen.

Malamar ajin almajirantarwa

Baba ya buɗe hanya, ni bari in yi lissafi. Ɗan'uwa, awa biyun nan ita ce ta kashe ka. Mutumin da yake kwanciya sha biyun dare ya tashi ƙarfe huɗu, barcin awa huɗu yake yi, alhali babba yana bukatar bakwai zuwa tara. Kwana uku na farko zafin taron ne yake ɗauke da kai, zuwa kwana na goma bashin barci ya taru, ka makara rana ɗaya, kunya ta kama ka, shi ke nan. Wannan ba Shaiɗan ba ne kaɗai, har da agogo. Saboda haka lokacin kwanciya za ka fara tsaidawa, daga shi ne za a san lokacin tashi.

Ka sauko zuwa minti ashirin, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, har wata biyu ba ƙari ko da ka ji kana so. Minti biyu ka karanta 'yan ayoyi daga Zabura da murya don hankalinka ya dawo gida. Minti takwas sura ɗaya. Minti uku ka rubuta layi biyu a littafin rubutu: me wannan wuri ya nuna game da Allah, me zan yi da shi yau kafin in kwanta. Layi na biyun ya zama abin da za a iya gani an yi ko ba a yi ba. "Zan ƙara ƙauna" ba amsa ba ce, "zan kira wane in ba shi haƙuri da azahar" amsa ce. Minti bakwai da suka rage addu'a.

Game da abin karantawa, Sabon Alkawari sura 260 ne. Sura ɗaya kullum, kwana biyar a mako, mako 52, daidai 260, ka gama a shekara, ga kwana biyu a kowane mako na hutawa ko maimaita abin da ya taɓa ka. Ka fara da Markus, sura 16 ce kawai, kuma labarin yana gudu. Dukan Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne, mai son gamawa a shekara sai ya yi uku kullum, biyar ran Lahadi, amma ban ba ka wannan shawarar bana ba. Dalili: Farawa sura 50, Fitowa 40, sura 90 ke nan, a uku-uku kwana talatin. Wato wata na biyu mutum yake faɗawa cikin dokokin hadayu da na kuturta a Firistoci ba mai yi masa bayani, kuma nan ne da yawa suke ajiye littafin.

Ranar da ka tsallake, kada ka biya bashi. Wanda ya rasa kwana huɗu ya zauna zai karanta sura biyar a zama ɗaya, gudu zai yi ba karatu ba, gobe kuma ba zai so dawowa ba. Ka ci gaba daga inda ka tsaya. Ƙa'idar ita ce kada rashi ya kai kwana biyu a jere.

Wayar kuma ta kwana inda hannunka ba zai kai ba. Ka yi amfani da Littafi Mai Tsarki na takarda a wannan minti ashirin ɗin. Na waya ba laifi ba ne, amma saƙonni suna ƙofa ɗaya da shi.

Ɗan'uwa mai bishara

Ni maganar yawon hankali zan taɓa. Addu'ar zuci, ido a rufe, a bakin gado, da asuba, wannan gayyatar barci ce. Ka motsa leɓɓanka ko da raɗa ne, don baki yana tilasta wa tunani ya gama jimla ɗaya kafin ya tsallaka. In durƙuso yana sa ka gyangyaɗi, tashi tsaye ko ka yi ta kai da komo a ɗakin.

Ka ajiye 'yar takarda a gefe. Duk abin da ya faɗo maka, bashi ne, saƙon da ba ka amsa ba ne, rubuta shi kalma ɗaya ka koma. Tunani yana naci ne don tsoron kada ka manta, da ka rubuta sai ya sake ka. Amma in abu ɗaya ya dawo sau uku, to ba katsalandan ba ne, shi ne abin addu'ar ranar.

Kada ka zo ba tsari. Addu'ar da Ubangiji ya koyar a Matiyu 6:9-13 ita ce ƙashin bayan: sunansa, mulkinsa, nufinsa, abincin yau, gafara, tsari daga jaraba. Faɗi layi ɗaya, ka tsaya ka cika shi da naka. Roƙo domin mutane kuma ka raba shi a mako, iyali wata rana, ikilisiya wata rana, waɗanda ba su san Almasihu ba wata rana, sunaye uku ko huɗu sun isa. Daniyel sau uku yake durƙusawa a rana (Daniyel 6:10), kuma ayar ta ce haka ya saba, ba ranar tsanani ya fara ba. Kai ma ka ƙara tsayawa biyu gajeru: minti biyu da tsakar rana ka sake duba layin da ka rubuta, minti biyar da dare ka yi godiya ka kuma furta abin da ka ɓata.

Wani ɗan'uwa

Ku gafarce ni iyayena, amma ina jin tsoron kada mu ɗora masa sabuwar shari'a. Minti kaza, sura kaza. Galatiyawa 3:3 fa? An fara da Ruhu, a ƙare da ƙoƙarin jiki?

Baba Dattijo

Tsoronka yana kan hanya, ɗana, kuma akwai alamar gane hakan. In ranar da ka cika mintinka ka ji kamar kana bin Allah bashi, ranar da ka kasa kuma ka ji ba ka da fuskar zuwa gabansa, to tsarin ya zama gunki. Amma rashin tsari ba shi ne alheri ba. Filibiyawa 2:12-13 ta haɗa su a numfashi ɗaya: ku yi aikin, gama Allah ne yake aiki a cikinku. Ubangiji kansa ya tashi da sassafe tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa, Markus 1:35.

Bari in koma kan toka, don ba wanda ya taɓa ta. Sau da yawa wuta ba rashin itace ne yake kashe ta ba. Zunubin da aka rufe yana sa mutum ya guji kaɗaita da Allah, ya fi son taro da waƙa inda ba za a yi masa tambaya ba. Dawuda ya kwatanta shi a Zabura 32:3-5, da ya yi shiru jikinsa ya yi ta lalacewa. "Ka gafarta mini zunubaina duka" ba ta kwashe wannan tokar. Ka kira abin da sunansa, da ranar, da wanda aka yi wa. In akwai hakkin mutum a ciki, Matiyu 5:23-24 ta ce ka bar baikonka a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. In kuɗi ne ka mayar, ko da kaɗan-kaɗan, ka faɗa wa mai shi ranar da za ka gama. Bayan haka ka tsaya a kan 1 Yahaya 1:9, kada ka yi ta tono abin da aka riga aka gafarta.

In kuma abu ne da yake maimaituwa, kai kaɗai ba za ka iya ba. Nemi namiji ɗan'uwanka wanda ya girme ka a bangaskiya, mai riƙe sirri, ba sa'anka da za ku yi ta ba juna uzuri ba. Rabin awa a mako, rana tsayayya, tambaya uku: me ka karanta, ina ka faɗi, me kake ɓoye mini. Yakubu 5:16 da Ibraniyawa 3:13 ne tushen wannan. Abin da yake ɓata shi shi ne a bar ganawar sai ranar da aka faɗi, sai kunya ta hana kira.

Mama

Ɗana, dare nawa a mako kake majami'a? Ƙirga. Koyon waƙa, taron matasa, addu'ar tsakiyar mako, kwamiti. In sun kai huɗu ko biyar, ka je wurin fasto ka roƙa a sauke maka ɗaya ko biyu na wata uku. Ikilisiyar Afisa an yaba mata aiki da wahala da jimiri, sa'an nan aka ce ta bar ƙaunarta ta fari. Maganin da aka ba ta a Wahayi 2:5 uku ne: ta tuna inda ta faɗo, ta tuba, ta yi ayyukan da ta yi da fari. Ba a ce ta jira sai ta ji yadda ta ji da fari ba. Saboda haka zauna ka rubuta abin da kake yi a shekarar baftismarka wanda ka daina, ka ɗauki ɗaya ka koma masa makon nan.

Ka kuma kula da jikinka. Da annabi Iliya ya karai a 1 Sarakuna 19, mala'ika bai fara da wa'azi ba, sau biyu ya tashe shi ya ci ya sha. Daga baya aka ba shi aiki, aka ba shi Elisha ya zama mataimakinsa. In bushewar ta haɗa da rashin barci, rashin cin abinci, da rashin sha'awar komai har fiye da mako biyu, ka ga likita ka kuma gaya wa fasto. Wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Mai tambaya

Na gode iyayena, Allah ya saka. Dare biyar ne, Mama. Tambaya ɗaya ta rage: na yi niyyar shiga azumin kwana 21 don in farfaɗo. In ci gaba?

Malamar ajin almajirantarwa

Awa biyun nan ce ta dawo da wata riga. Ajiye shi tukuna. Ka bar cin abinci sau ɗaya, rana ɗaya a mako, ka sha ruwa, ka ba addu'a lokacin da za ka zauna cin, kuma ka rubuta abu ɗaya da kake roƙo kafin ka fara, in ba haka ba yunwa kawai za ka sha. In kana da ciwon suga, ko gyambon ciki, ko kana shan magani kullum, tambayi likita kafin ko wannan ɗin. Takardar Baba ta kwana bakwai ka fara da ita daren yau, Markus sura ɗaya gobe da safe. Bayan wata biyu ka dawo mana da littafin rubutun, mu ga ko za a ƙara minti goma.