Aikin agaji a Borno: wanda ya gani da idonsa ya faɗa mana

Ɗan Gwange: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta samu aiki da wata ƙungiyar agaji, an ce Dikwa za a tura ta. Tun shekaranjiya Hajiyarmu ba ta runtsa ba, ni kuma ban da labarin rediyo ban san komai ba. Wanda ya taɓa aikin nan, ko ya karɓi tallafin, don Allah ya faɗa mana yadda ake ciki. Ban da ji-ta-ji-ta.

Direban Gamboru: Wa alaikumus salam. Shekara shida ina jan dawa da wake da jarkokin mai daga Maiduguri zuwa Mafa, Dikwa, har Gamboru Ngala. Sau da yawa abincin yana nan jibge a sito, hanya ce babu. Ka yi lodi, ka ɗaure tamfol, ka je tashar Muna a Maiduguri ka bi layi kana jiran rakiyar soja, wata rana kwana uku, wata rana sati guda. In an tashi kuwa doka ɗaya ce: tayarka ta taka sawun na gabanka. Za ka ga direba da hankalinsa yana faɗa wa rami da gangan, don ramin da ka sani ya fi sabuwar ƙasar da ba ka san abin da aka binne a cikinta ba. Ai a Afrilun 2025 nakiya ta tashi da mota tsakanin Rann da Gamboru, mutum 26 suka riga mu gidan gaskiya. Ni ranar da motata ta mutu bayan Mafa, ayari bai jira ba. Cewa aka yi ni da yaron mota mu haye ta baya. Washegari muka tarar da ita wayam, ko batir ba a bari ba. Mai motar kuma ya zare kuɗin batirin daga albashina, ko sannu babu.

Malamar Jinya: Yayan amarya, zan kira ka haka tunda aikin nan kamar kai amarya ne, ana kuka ana addu'a. Na yi shekara biyu a sashen yara masu tamowa. Mu jirgi mai saukar ungulu ke kai mu, kuma in damina ta kankama, wuri irin Rann ba ya shiguwa sai ta sama. Garuruwan nan duk an zagaye su da rami, sojoji na bakin ƙofa, aikinmu kuma a bakin ramin yake ƙarewa. Wanda ke can cikin daji ba ya cikin lissafin kowa sai ranar da ya fito.

Akwai wata uwa da ba na mantawa. Kwana huɗu ta yi tana tafiyar dare da goyo. Na naɗa zaren awo a damtsen yaron, ya zarce can cikin ja, ƙasa da santimita 11.5. Na yage ledar madarar gyaɗa na miƙa mata, sai na ga ta lakata kaɗan ta sa masa, ta ƙulle sauran a bakin zane. Na ce, "Baiwar Allah, duka nasa ne." Ta ce akwai yayyensa biyu a waje. Me zan ce mata? A takarda sata ce daga rabon majinyaci. A idona kuwa uwa ce.

Ba zan ɓoye maka haɗarin ba. Saifura Khorsa da Hauwa Liman, ungozomomin Red Cross da aka sace a Rann a Maris 2018, duk an kashe su a shekarar. A Dikwa ɗin ma an kai hari a Maris 2021, ma'aikata suka ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kafin ƙanwarka ta sa hannu ta tambaya a rubuce: in gari ya rikice, sunanta na cikin waɗanda za a kwashe? 'Yan kwantiragin wata uku su ake fara mantawa.

Baba Alhaji: Ku yi haƙuri, ni fa ƙungiyoyin nan ban gama yarda da su ba. Su suka sa kuɗin haya ya gagari talaka a Maiduguri. Kuma a 2019 ba sojoji sun rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps ba?

Malamar Jinya: Baba, an rufe a Satumba, an kuma ɗage takunkumin a ƙarshen Oktoba. Maganar haya kam gaskiyarka ce, ni ma ta ci ni.

Maman 'Yan Biyu: Ni mai karɓa ce, ba ma'aikaciya ba. A sansanin Bakassi na Maiduguri muke har gwamnati ta rufe shi a 2021, muka koma wajen dangin maigidana a Ngala. Kati gare mu, ka dangwala yatsa a ba ka. Da abin yakan kai mu ƙarshen wata, daga baya ya koma sati biyu, a 2025 kuma da Amurka ta janye kuɗinta aka ce sunan gidanmu ya fita. Ko an ba ka wake, da me za ka dafa? Icen kusa ya ƙare, sai an tsallake rami. A haka aka kwashe mata da yara masu neman ice a farkon 2024. Ina tura 'yata, ina tsaye a ƙofa har ta dawo.

Ɗan Diffa: Mu nan a Afrilun 2021 muka ga mutanen Damasak sun tsallako kogin Komadugu zuwa Chetimari da Gagamari, wasu ko takalmi babu. Gidanmu kaɗai ya sauki mutum 11 kafin wata ƙungiya ta iso.

Ɗan Gwange: Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya duka, ban da maganar Rann. Ta yi shiru, sannan ta ce in tambaya ko waya na shiga a Dikwa.

Malamar Jinya: Lokacin da nake can tana zuwa tana ɗaukewa. Su tsayar da lokaci, misali bayan la'asar. Ka kuma faɗa wa Hajiya tun yanzu, in ta kira kwana biyu ba ta shiga ba, kada ta fara kuka sai ta tambayi direbobin Muna.