Wane suna za mu ba baƙin dattin da ke daskarewa a makwancin harsashi?

1/ Jama'a, musamman mafarauta da masu gyaran bindiga, ina neman ra'ayinku a kan kalma. Turawa na cewa "carbon ring". Mu kuwa in an zo bayani sai a ce datti ne ya taru, a wuce. To ai ƙura datti ce, busasshen mai ma datti ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Ni dai na tsaya a kan "zoben kunkunniya". Ku ji hujjata kafin ku yanke hukunci.

2/ Sai an san wurin kafin a raɗa wa abin suna. Ina nufin bayan bututu, inda harsashi ke shiga ya natsu kafin a ja kunama. Wasu na cewa "ɗakin harsashi", amma wannan yana karo da gidan harsashi, wanda ake jera harsasai a ciki a maƙala wa bindiga. Makwanci ya fi dacewa, don an rarake shi ne daidai surar kwanso, wato ɓawon harsashi da albarushi ke ciki: jiki, kafaɗa, wuya.

3/ Albarushi ba ya ƙonewa tas. Kuma da gangan ake yin makwanci ya ɗan ɗara kwanso tsawo, saboda haka akwai ɗan gibi tsakanin bakin kwanso da ƙarshen makwanci. Nan hayaƙi ke ajiye baƙinsa a kowane harbi, harbi na gaba ya zo da zafi da matsi ya danne shi, ya ɗora sabo a kai. Matsin ba na wasa ba ne: ƙungiyar SAAMI ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi, ta sa iyakar na harsashin .308 Winchester a nauyin fam 62,000 kan kowane inci murabba'i. Abin da aka yi ta gasawa ana dannewa haka ba ya fita da tsumma.

Mai harsashin ɗurin hannu, wato mai sake ɗura wa kwanso albarushi da kansa, ya fi kowa gamuwa da shi. Kwanson tagulla yana miƙewa in ana ta harbawa ana sake matse shi, shi ya sa ake datse bakinsa. A .308 iyakar tsawo inci 2.015 ne, ana datsewa zuwa 2.005. Wanda ya zarce wajen datsewa ya faɗaɗa gibin, zoben ya samu fili. Ranar da ya sa kwanso mai cikakken tsawo, bakinsa zai hau kan zoben, sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a makwanci, ta yi tauri wajen rufewa. In ya rufe ta da ƙarfi, zoben ya shaƙe wuyan kwanso a kan ƙwayar harsashi, ta kasa sakuwa da wuri, matsi ya haura. Nan haɗarin yake. Masu ƙaramar bindiga .357 Magnum sun san irinsa: in an daɗe ana harba harsashin .38 Special, wanda ya fi gajarta, dogon na .357 sai ya ƙi shiga.

4/ Yanzu kalmomin da na ajiye gefe. Toka ana hure ta, wannan kuwa ko kankara sai da haƙuri. Gawayi makamashi ne, ba saura ba. "Kabon" yana da gurbinsa a darasin kimiyya, amma bai gaya wa mai bindiga daga ina abin ya zo ba.

Tsatsa ce ta fi tayar mini da hankali, don na ji ana kiransa haka. Tsatsa cin ƙarfe take yi, shi kuwa zaune yake a kan ƙarfe lafiyayye. Wanda ya ɗauka tsatsa ce zai nemi abin gurza, ya lalata makwanci har abada. A yaƙin Biyetnam bindigar M16 ta haɗu da duka biyun: an sauya nau'in albarushi baƙi ya ƙaru, makwancin da ba a yi wa rufin kurom ba kuma ya ci tsatsa. Kwamitin majalisar Amurka ƙarƙashin Richard Ichord ya binciki lamarin a 1967. Cuta biyu ce, kowace da sunanta.

5/ Kunkunniya kuwa ɗiyar hayaƙi ce. Duk wanda ya ɗaga kai ya ga rufin ɗakin da aka shekara ana hura wuta ya san ta: baƙa, tana hawa kan 'yar uwarta, tana ƙara tauri da daɗewa. Mu kira baƙin cikin bututu gaba ɗaya kunkunniyar albarushi, wanda ya kewaye bakin kwanso kuma zoben kunkunniya.

6/ Cire shi: a tabbatar babu harsashi, a zare sakata. A jiƙa ƙyalle da ruwan wanke bindiga mai narkar da baƙi, a cusa daidai wurin, a bar shi ya sha sosai. Sannan buroshin tagulla wanda ya ɗan fi wuyan makwanci kauri, a kan sandar da ba ta juyawa da kanta, a murza da hannu. A share, a leƙa da 'yar kyamarar duba bututu, a maimaita. In ya ƙi, man gogewa irin JB ko Iosso, kaɗan. Ban da buroshin ƙarfe. A ƙarshe a busar da makwanci ƙayau, don in akwai mai kwanso ba ya kama bango lokacin harbi, nauyin ya koma kan sakata.

Ba kowane tauri ne laifin zobe ba. A shafe kwanso marar albarushi da baƙar maka ta rubutu, a sa, a fitar. In kafaɗa ce ta goge, a wajen matse kwanso gyaran yake, a mayar da ita baya kamar inci 0.002. In bakin ne, a auna tsawo, a duba zobe.

7/ Saura ɗaya. Ɗan sararin da ke gaban makwanci, kafin zanen cikin bututu ya kama ƙwaya, ina son mu ce masa maƙogwaro. Malamai masu gyaran bindiga, in akwai sunan da kuka gada a bakin magabata, ku kawo shi mu ɗauka.